Rasuwar Dattijo, Baburin Baba Kunne

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, da kuma miƙa wuya ga abin da ba ya dawowa, iyalan Baba Kunne mai gyaran keken ɗinki suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da teloli, da masu faci, da duk wanda ya taɓa matsawa gefen titi ya ba shi hanya, rasuwar baburinsu wanda aka fi sani da Dattijo. An tabbatar da rasuwarsa ranar Talata da hantsi a garejin Bakanike, yana tsaye a kan jak ɗinsa, bayan shekara talatin da ɗaya a hannun mutum ɗaya.

Baba Kunne ne ya faɗi abin da ke cikin wannan takarda, yana zaune a bencin ƙofar ɗakinsa. Babbar 'yarsa, malamar makaranta, ita ta riƙe biro, domin idonsa ya daina bin layi. Kafin su fara ya kafa mata sharaɗi ɗaya: duk abin da ya fito daga bakinsa ta rubuta, ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba. Ta yarda.

Marigayin ya shigo gidan ne shekarar da ita mai rubutun ta fara tafiya. Baƙi ne wuluk, da jan layi siriri a gefen tanki. Tun yana sabo ba ya tashi a bugun farko. A taka kik sau ɗaya, ya ce "ihim." A sake takawa, ya ce "ihim-him." Sai a na uku ya saki murya, "tuf, tuf, tuf, tuf," a hankali, kamar wanda ba ya bin kowa da gudu. Inna, matar Baba Kunne, tana tsaye a bakin ƙofa ranar farko da 'yar a kafaɗa, ta ce wannan ai dattijo aka sayo musu, sai ya yi gyaran murya kafin ya yi magana. Sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Sana'ar mai shi ce ta tsara wa marigayin rayuwa. Baba Kunne shagunan teloli yake bi ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce wa tela ya taka keke, ya karkata kai ya saurara, sannan ya faɗi ciwon tun bai buɗe jakar kayan aiki ba. A nan ya samo sunansa. Keken da ya ƙi gyaruwa a shago, sai a kwance kansa a ɗora wa Dattijo a kai gida. Kan keken ɗinki ƙarfe ne mai nauyi, kuma ba ya son girgiza, don haka tun a shekarar farko aka fara yi wa marigayin ƙari da ragi. Mai walda ya ƙara wa kariyarsa ta ɗaukar kaya ƙafa biyu. Baba Kunne ya haɗa akwatin katako da hannunsa, ya shimfiɗa tsohon bargo a ciki, ya yi masa maƙale yadda za a iya ɗorawa a sauke cikin minti ɗaya. Ya cire farantin haƙoran da sarƙa ke hawa a tayar baya ya sa wanda ya fi girma, gudu ya ragu, ƙarfin hawan tudu ya ƙaru. Ya faɗaɗa tafin jak ɗin gefe da guntun ƙarfe don kada ya nutse a ƙasa mai laushi a ƙofar shagon mutane. Shekarar da maƙwabciya ta haifi tagwaye marasa barci, ya kwance salansa ya cusa wa salansar wani abu da bai taɓa gaya wa kowa ba, muryar Dattijo ta koma ƙasa-ƙasa, mai kauri, wadda ake ji a ƙirji kafin a ji ta a kunne.

An canza masa fistin sau huɗu, tanki sau ɗaya, taya kuwa ba a ƙirga. Rigar kujerarsa teloli bakwai ne suka ɗinka ta a lokuta daban-daban, kowa yana kushe ɗinkin na gabansa. Bakanike, wanda shi kaɗai aka yarda ya buɗe cikin injin duk tsawon shekarun nan, yakan ce idan aka tara abin da ya rage na asali a jikin Dattijo ba zai cika bokiti ba. Baba Kunne yakan ce muryar ta asali ce, kuma ita ce babur ɗin.

An shaidi marigayin da haƙuri da riƙon amana. Bai taɓa zubar da kayan mutane ba. Sau biyu ya faɗi a rayuwarsa, kuma mai shi ya amsa cewa duka biyun laifinsa ne. Ba shi da haɗamar mai. Aibinsa da aka sani ɗaya ne: ba ya son ruwa ya taɓa masa fulogi. Idan ya ratsa kududdufi sai ya tsaya cak ya yi fushi na minti biyar, ba lallashin da yake ji, sai ya huce don kansa. Shi ma an riƙe masa amana. Kowace Asabar da safe Baba Kunne yakan shimfiɗa buhu a baranda, ya wanke sarƙa da kalanzir, ya goge fulogi da tsohon buroshin haƙori, ya bi kowane noti da sifana yana tambayarsa lafiya. Sau ɗaya tak aka ba da aronsa, ga ƙanen Inna, na yini guda. Da yamma Baba Kunne yana cikin ɗaki ya jiyo su tun daga kan kwana, ya miƙe ya ce, "An ci zarafinsa." Giya ta biyu ce take kuka. Sati biyu surukan ba su gaisa ba.

Ba za a yi maganar Dattijo a bar Inna ba, domin kujerar baya tata ce. A karkace take zama, ƙafafu biyu a gefen hagu, hannu ɗaya riƙe da kariya. Ba ta taɓa riƙe ƙugun mijinta a titi ba, ta ce idon mutane. Saboda ita aka ƙara wa murfin sarƙa tsawo, don kada ya kama mata bakin zane. Saboda ita aka ɗaure sifirin ɗin baya a matakin ƙarshe, na ɗaukar mutum biyu. Ba ta magana a kan babur ko kaɗan. Idan gudu ya yi mata yawa, ko ta hango abin da take ganin shi bai hango ba, sai ta taɓa masa kafaɗar hagu da yatsa biyu, sau biyu. Shi ke nan. Ya sha yi mata tsiya cewa babur ɗinsa birki uku gare shi, na hannu, na ƙafa, da na aure.

Dattijo ne ya riƙa kai ta asibiti a shekararta ta ƙarshe, har ranar da ta kasa zama a kansa. Yau shekara biyar da rasuwarta. Bayan an share makoki Bakanike ya ɗauko sifana ya ce, "Kunne, kawo in sassauta maka sifirin ɗin nan. Kai kaɗai ne yanzu, kowane rami a bayanka yake sauka." Baba Kunne ya ce a bar shi yadda yake. Haka ya ci gaba da hawa, babur a ɗaure don mutum biyu, mutum ɗaya a kai.

Game da ciwon ajali, dole a fara da wani ciwon da ba a jikin marigayin yake ba. Shekara biyu da suka wuce Baba Kunne ya fara cin karo da ƙofa, yana ture kofin da aka ajiye a gefensa. Malama, mai rubutun nan, ta kai shi wurin likitan ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ganin daga gefe-gefe, abin da ya tafi kuma ba zai dawo ba. Abin da ke gabansa sak yana gani, kamar mai leƙe ta cikin bututu, amma dama da hagu duhu ne. Likita ya ce babu shi babu tuƙi. Malama ta karɓe makulli a ranar. Washegari ta ji "ihim, ihim-him" daga baranda. Ashe makulli uku gare shi. Ya ce mata titunan nan a tafin hannunsa suke, ya san kowane rami da sunansa, kuma abin da ido ya rasa kunne zai kawo. Ta yi kuka, ta yi fushi, ta haɗa shi da ƙannenta, ta haɗa shi da Bakanike. Kowa ya zo sai ya ce masa to. Gari na wayewa ya fita.

Wata Alhamis da la'asar, a mararrabar da ke gaban masu sayar da katako, rana tana dukan fuskarsa, wata mata ta shigo titi ta hagunsa da kwanon lemo a ka, tana jaye da 'yarta. Dattijo ya ja birki har tayar baya ta yi ƙara. Madubi ya doki kwanon, lemo ya watse a kwalta. Da Baba Kunne ya sunkuyar da kai, sai ga yarinya 'yar shekara biyar cikin kayan makaranta, tafin hannunta a kan murfin tayar gaba kamar ita ta tsayar da babur ɗin. Ba ta yi kuka ba, kallonsa kawai take yi. Uwar ta buɗe baki za ta zage shi, ta ga furfura, ta haɗiye.

"Baba, ba ka gan mu ba ne?"

"Na gan ku, 'yata," ya ce. Ƙarya ya yi.

Wani tela da ya ga abin shi ya kai wa Malama labari. Ta zo ta durƙusa a gaban mahaifinta ta roƙe shi da girman Allah. Ya ce to. Ya ƙara sati uku yana fita.

Ranar Litinin ta makon jiya da safe Dattijo ya ƙi tashi. An taka sau uku, ya yi gyaran murya, bai yi magana ba. Malama, wadda ta kwana a gidan, ta kira Bakanike, ya iso nan da nan, ya tura shi zuwa gareji. Talata da hantsi aka aiko wa Baba Kunne ya zo. Ya tarar da aminin nasa tsaye da tire a hannu, baƙin mai a ciki kamar kwalta, da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli. Bakanike bai dube shi ba, tiren yake kallo. Ya ce injin ya ci kansa, babban ƙarfen da ke juya shi ya karye, irin wannan kuma an daina ƙera kayansa tun tuni. Baba Kunne ya tsoma yatsa a man, ya murza, ya kai hanci. Ya ƙarasa wurin Dattijo, ya dafa tanki, ya sunkuya ya danna kik da tafin hannu a hankali har ƙasa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya ce, "To. Allah ya ba mu haƙuri." Ya ajiye makullansa a kan kujera, Malama ta kama hannunsa suka hau motar haya.

Wannan shi ne abin da dangi suka sani. Baba Kunne ya ce a ƙara abin da ke biye, domin ba a binne dattijo da ƙarya a kansa.

Man da ke cikin tiren nan ba na Dattijo ba ne. Ranar Asabar, kwana uku kafin nan, shi da hannunsa ya juye tsohon mai ya zuba sabo, launinsa kamar zuma. Wanda aka nuna masa ya yi wata shida yana ƙonewa, kuma warin janareto yake yi. Da ya danna kik, injin ya turo masa hannu da ƙarfinsa, ya ja numfashi ya saki, kamar ƙirjin mai barci. Injin da ƙarfensa ya karye ba ya haka. Ciwon ranar Litinin kuwa, da sassafe yana kwance ya ji takun mutum ba takalmi a baranda, ya ji ana lalube a jikin inji da hannun da bai saba da ƙarfe ba, sannan ya ji "ƙwas," ƙarar hular fulogi idan an zare ta. Aka mayar da ita a ɗofane don kada a gane. Ya san gyaran bai fi a danna da babban yatsa ba. Ya fito, ya taka kik sau uku, ya ce ya ƙi.

A nan mai rubutu ta ajiye biro.

"Baba, ashe tun ranar ka sani?"

"Tun kafin ki koma ɗaki. Ɗauki biron, Uwata, ba mu gama ba." Haka yake kiranta tun tana goye.

"Me ya hana ka yi faɗa? Kwana uku na yi ina shirya abin da zan ce maka idan ka gane."

"Rubuta, za ki ji."

Ta ɗauka. Ga abin da ya faɗa.

Ranar Alhamis ɗin nan bai ga matar ba, bai ga yarinyar ba, kuma bai ji su ba. Injin yankan katako yana ta ƙara, ya rufe masa kunne. Hankalinsa kwance yake tafiya, yana tunanin wani keke mai tsallake ɗinki. Sai aka taɓa masa kafaɗar hagu da yatsa biyu, sau biyu. Hannunsa da ƙafarsa suka kama birki tun kafin ya yi tunani, yadda suka saba shekara ashirin da shida. Bayan ya tsaya ne ya ji ihun matar da faɗuwar kwano. Da mutane suka sunkuya tsintar lemo, ya juya gaba ɗaya ya dubi bayansa. Ranar bai ɗora akwati ba. Kujera ce kawai, da rana a kanta. Injin ya mutu a wurin birkin, yana hucewa, yana cewa "ƙis... ƙis... ƙis."

Bai ce ga abin da ya taɓa shi ba, kuma bai nemi kowa ya fassara masa ba. Ya ce dai ya san yatsun nan, ya san nauyinsu, ya san ɗan jinkirin da ke tsakanin taɓin farko da na biyu.

Sati ukun da ya ƙara yana fita kuwa, ba aiki yake zuwa ba. Teloli suna ta aike, bai je wa ko ɗaya ba. Kullum da la'asar yakan bar akwati a gida, ya share kujerar baya da gefen hannun riga, ya nufi mararrabar masu katako. Idan ya kusa sai ya ɗan murɗa totur, ya saki kafaɗarsa, ya jira. Ba a taɓa shi ba. Ya zagayo ya sake bi. Washegari ya ƙara murɗawa kaɗan fiye da jiya. A sati na uku, ya ce, ya kai gudun da bai taɓa yi da ita a baya ba, a titin da 'yan makaranta ke tsallakawa, da idon da ba ya ganin gefe, yana jiran matar da ya binne da hannunsa ta hana shi.

Mai rubutu ta ce, "Baba, da ka kashe ɗan wani fa?"

"Shi nake gaya miki. Kullum idan na dawo na kafe shi a baranda, sai in ce gobe ba zan fita ba. La'asar na yi in ji ni a kai. Ita sau ɗaya ta zo, kuma ba don ni ta zo ba, don yarinyar nan ce. Ni na kasa ganewa." Ya murza yatsunsa kamar har yanzu da mai a jiki. "Da na ji kin zare hular nan, wani sanyi ya sauko mini a ƙirji, kamar an sauke mini kaya. Ni da kaina ba zan iya ba. Kin yi daidai. Shi ma Bakanike ya yi daidai, sai dai bai iya ƙarya ba. Janareto! Ko man babur bai iya nemowa ba."

Ya yi dariya kaɗan, ita ba ta yi ba. An ɗan dakata da rubutu a nan, har ta je ta wanke fuska ta dawo.

Marigayin ya rasu ya bar mai shi, wanda bai taɓa mallakar wani abin hawa ba. Ya bar 'ya'yan gidan huɗu, waɗanda kowannensu ya fara zuwa makaranta zaune a kan tankinsa, riƙe da madubi. Ya bar akwatin katako da bargonsa, da hular kwano mai tsagewa a ƙeya, da rabin galan na sabon mai da ba a san wanda za a ba ba. Ya bar teloli sama da arba'in, waɗanda daga yau sai su ɗauko kan kekensu su kawo gida da kansu, domin kunnen yana nan, hannun ma yana nan. Ya bar Bakanike, wanda tun ranar Talata bai iya zuwa gaisuwa ba. Ya kuma bar tabon mai a simintin baranda, faɗin tafin hannu, wanda aka wanke da omo sau uku bai fita ba.

Iyalan suna neman addu'ar jama'a, domin gidan bai daidaita ba tukuna. Baba Kunne har yanzu idan zai wuce baranda sai ya karkace ƙugu ya raɓa bango, yana kauce wa kan babur ɗin da ba ya nan. Ƙarfe bakwai na safe ƙafarsa ta dama takan motsa ita kaɗai a inda yake zaune. Da yamma, lokacin da ya saba dawowa, idan gidan ya yi tsit, yakan ɗaga hannu ya ce a yi shiru, wai ana cewa "ƙis... ƙis" a baranda. A leƙa, ba komai sai tabon nan. Maƙwabciya mai tagwaye, wadda shekara da shekaru da muryar Dattijo take sanin lokacin ɗora ruwan zafi, ta shigo shekaranjiya tana murna, ta ce ashe an gyara shi, ta ji fitarsa da safe. Aka ce mata yana gareji tun Litinin ta makon jiya. Ta ce ita dai ta ji, har gyaran muryar biyu. Yaran gida suka yi dariya. Baba Kunne ya tambaye ta ta wane gefe ya bi. Ta ce ta hanyar masu katako.

Dangane da jana'iza, an samu saɓani, kuma an warware shi jiya, bayan an rubuta abin da ke sama. Shirin da Malama da Bakanike suka ƙulla tun farko shi ne a ɓoye Dattijo wata biyu, sannan a ba wani ɗan uwa da ke nesa ya ci gaba da hawa. Baba Kunne ya sa aka kira masa Bakanike, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hula a hannu kamar wanda aka kama da kayan sata. Baba Kunne ya ce masa ya ji shirin daga bakin Malama, kuma bai yarda ba. A kwance shi gaba ɗaya, ƙarfe-ƙarfe.

Bakanike ya manta da kansa ya ce, "Haba Kunne! Injin nan fa lafiyarsa ƙalau, zai ƙara shekara goma!"

"Ka ga ka faɗi gaskiya, ba ka mutu ba," in ji Baba Kunne. "Zauna, mutumina. Muddin na san yana numfashi a wani wuri, wata rana da la'asar ƙafata za ta kai ni. Na san kaina yanzu. Kuma ba na son wani ya zauna a kujerar nan."

Bakanike ya zauna a gefen benci. Daga baya ya tambaya ko a bar masa fistin ɗin, shi ya sa shi da hannunsa. Aka bar masa.

Saboda haka za a yi jana'izar marigayi Dattijo ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe tara na safe, a garejin Bakanike. Ba za a tashe shi ba ko sau ɗaya, kuma ana roƙon masu son jin muryarsa ta ƙarshe su yi haƙuri. Baba Kunne ne zai kwance notin farko, Bakanike ya ƙarasa. Tayoyi za su je wa mai facin bakin kasuwa. Fitila da batir na ƙanen Inna ne, an yafe masa maganar giya ta biyu. Sarƙa da birki da sauran ƙananan kaya za a raba wa masu tsofaffin babura, kowa abu ɗaya, kada biyu su haɗu a hannun mutum guda. Gangar jikin za a yanka ta biyu a gaban shaidu kafin a miƙa wa masu gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe. Kujerar za ta koma gida.

Ana roƙon waɗanda za su zo a kan babur su kashe inji tun daga kan kwana su turo da hannu. Ba a buƙatar kujeru ko rumfa, abin ba zai wuce awa biyu ba. Za a karɓi gaisuwa a nan gareji, a tsaye.

Baba Kunne ya ce bayan an gama ba ya son mota. A ƙafa zai koma gida. Duk mai niyyar rakiya ana maraba da shi, sai dai ya yi haƙuri da tafiyar, domin za ta yi sanyi, kuma za a tsaya a kowace mararraba har sai wani mai ido ya ce a tsallaka. Ya tambayi mai rubutu ko tafiyar minti nawa ce daga gareji zuwa gida, ya ce shi bai taɓa taka ta da ƙafa ba. Ta ce za ta kai minti arba'in. Ya ce to, a gaya wa mutane su sako takalmi mai daɗi.